Gargaɗi Ga Kanikawa Da Masu Motoci: Sarƙar Taimin Da Ta Tsallake Ba A Mayar Da Ita Da Ka

Wannan kira ne ga duk maigidan da ke haɗa inji, da yaran da ke ƙarƙashinsa, da direban da ke tsaye a kansu yana duba agogo, da mai motar da ke bugo waya yana tambaya ko an gama. Idan sarƙar taimin ta tsallake haƙori, ko kuwa an cire ta wajen sauke inji za a mayar, kada kowa ya kai hannu ga makulli sai an juya injin nan da hannu, zagaye biyu cikakku, an sake duba maki. Kada a tura motar don ta tashi. Kada a ɗaura mata igiya a ja a saki kuloci. Kada a ce “bari mu ɗan taɓa mu ji”. Taɓawar nan ta sakan ɗaya ta isa ta lanƙwasa bawul, ta huda kan fistan, ta mayar da aikin mako guda da kuɗin kaya gaba ɗaya asara.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne motocin da suka cika titunanmu sun kai shekarun da ake buɗe musu ciki. Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ, Camry mai injin 2AZ da ake yi wa laƙabi da Big Daddy da ƙanwarta Muscle, Honda Accord mai injin K24 daga 2003 zuwa sama, bas ɗin Hiace da Hilux masu injin fetur 2TR, dukkansu sarƙa ce ke riƙe da taiminsu, ba bel ba. Da yawansu sun haura shekara 15 a kan hanya, sun fara shan baƙin mai, sun fara hayaƙi. Ga kuma tsadar inji ɗan Beljiyam, wadda ta sa mutane da dama suka haƙura da saye suka koma yi wa nasu ringi. Kowane inji daga cikinsu da aka sauke, sai an cire masa sarƙa, sai kuma an mayar. A wajen mayarwar nan ake yin ɓarnar.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, abin haka yake. A ƙasa akwai karanshaf, wanda fistan ke juyawa. A sama akwai kamshaf, mai buɗe bawul da rufe su. Sarƙar ce ta haɗa su biyun, kuma lissafinta ba ya sauyawa: karanshaf ya zagaya sau 2, kamshaf ya zagaya sau 1. A mafi yawan injinan zamani, wurin da bawul ke leƙowa idan ya buɗe shi ne dai wurin da fistan ke isowa idan ya hau. Kamar mata biyu ne ke lugude a turmi ɗaya, taɓarya ɗaya na fita ɗaya na shiga, ba sa haɗuwa sai in wata ta ɓata ƙa'ida. Sai dai luguden inji ba na wasa ba ne. Idan allurar juyin inji na kan 3,000, karanshaf na zagayawa sau 50 cikin sakan guda, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe sau 25.

To, a lissafa haƙori ɗaya. Idan giyar kamshaf tana da haƙora 36, haƙori ɗaya digiri 10 ke nan a sama, wanda ya yi daidai da digiri 20 a juyin karanshaf. Da haƙori ɗaya inji yakan tashi, kuma tashin nasa shi ne tarkon. Zai riƙa rawa a silo, ba shi da ƙarfi a hawa, yana shan mai fiye da da, fitilar cek tana kunne, amma tun da yana tafiya sai a ce “zai saitu idan ya yi zafi”. Ba zai saitu ba. Da haƙora biyu ko uku, a injina da yawa, ƙarfe ya riga ya haɗu da ƙarfe. Duk wanda bai tabbatar daga littafin kamfani cewa injin da ke gabansa yana da sarari tsakanin bawul da fistan ba, ya ɗauka cewa babu.

Iyayen gidanmu da suka koyi aiki a kan Fijo 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar da aka buɗe a Kaduna a 1975, sun san sarƙa tun kafin a haifi da yawanmu. Amma waccan gajeriya ce, kamshaf ɗaya ne kuma yana cikin bulo, ga distiributa da za a sassauta a ɗan murɗa har kunne ya gamsu. Daga nan wasu suka gaji al'adar saita inji da kunne. Da girmamawa nake faɗa, ranku ya daɗe: distiributa lokacin wuta take gyarawa, ba ta taɓa gyara lokacin bawul ba, kuma a waɗannan injinan na yanzu ma babu ita. Kwamfuta ce ke ba da wuta, tana karanta sensa ɗaya a karanshaf da wata a kamshaf. Idan suka saɓa, ba abin da za a murɗa daga waje.

Babban kuskuren da ya fi yawa ba a wajen ɗora sarƙar yake farawa ba. Yana farawa ne tun lokacin da aka buɗe murfin gaba, aka ga maki ya goce, aka ce “ai tsallakewa ta yi, mu mayar da ita”. Sarƙa ba ta tsallakewa haka kawai. Kafin ta bar haƙorinta sai ta yi sako-sako, kuma wani abu ne ya sake ta. Wanda ya mayar da ita bai gano abin ba, ya saita ranar da za ta sake tsallakewa ne kawai, kuma ba shi zai zaɓi wurin ba.

A fara da ajasta, wato abin da ke tura sarƙar ta yi tsauri. A mafi yawan injinan nan ƙarfin baƙin mai ne ke tura shi, tare da sifirin a ciki da 'yan haƙora da ke hana shi komawa baya. Idan 'yan haƙoran nan suka cinye, ko hanyar man ta toshe da dauɗa, to da safe kafin mai ya hau sarƙar tana lilo, kuma a wannan ɗan lokacin take tsallakewa. Sai damfa, sandunan nan masu fuskar roba da sarƙar ke bi ta kansu. Zafi da shekaru suna busar da robar ta tsage. Idan an ga damfa ta gutsure, tambaya ta gaba ita ce ina gutsuren yake. Yana cikin kaskon mai a ƙasa, kuma daga can zai je ya maƙale a rariyar famfon mai. Wanda ya sa sabuwar damfa bai buɗe kaskon ya wanke rariyar ba, ya bar abin da zai kashe masa sabon ajastan da yunwar mai, daga baya ya bi da metal ɗin karanshaf.

Ita kanta sarƙar, abin da ake kira miƙewa ba miƙewar ƙarfe ba ce. Kowace gaɓa tana da ɗan fil da take juyawa a kai, kuma fil ɗin ne ke cinyewa kaɗan-kaɗan. Cinyewar da ido ba ya gani a gaɓa ɗaya, idan ta taru a gaɓoɓi sama da ɗari, sai sarƙar ta ƙara tsawo har ajasta ya fito iyakarsa bai kama ta ba. A shimfiɗa tsohuwar kusa da sabuwa a ja su tare, za a gani. A duba haƙoran giya kuma: idan sun yi tsini ko sun karkata gefe guda, sun gama aiki. Sabuwar sarƙa a kan tsohuwar giya da ta cinye ba ta daɗewa. Shi ya sa sarƙa da damfa da ajasta tare ake sauya su, giya kuma a bi su da ita idan ta nuna alama. Na san mai mota zai ce kuɗi. A nuna masa kayan a hannu, a gaya masa farashin bawul 16 da gasket da aikin tof silinda karo na biyu, ya zaɓa da kansa.

Akwai wata ɗabi'a mai kyau da ke zama guba a nan. Kanikawa da yawa kafin su cire sarƙa sukan ɗiga fenti a kanta da kan giya don su mayar yadda suka tarar. Idan injin lafiyarsa ƙalau aka sauke shi, babu laifi. Amma idan sarƙar ta riga ta tsallake kafin motar ta shigo gareji, fentin nan kuskuren ya yi wa shaida, kuma wanda ya bi shi ya mayar da kuskuren daram inda yake. Makin kamfani, wanda aka buga a jikin giya da jikin inji, shi ne abin bi.

Kafin a ɗora komai, a tabbatar da lafiyar bawul. Injin da sarƙarsa ta tsallake yana cikin tafiya, a ɗauka bawul sun taɓu har sai an ga akasin haka. A duba kan kowane fistan: ɗan tabo mai sheƙi kamar jinjirin wata a cikin baƙin hayaƙin da ke kai, sawun bawul ne. A kifa tof silinda a zuba kananzir a ramukan shiga da na fita, a jira a ga ko zai tsattsafo ta bakin bawul. Wanda ake shakka a zare shi a mirgina a kan gilashi. Lanƙwasar da ba ta kai kaurin farce ba ta isa ta hana shi rufewa. Kada a miƙe bawul da guduma a mayar, don Allah. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙe ya raunana a wuya, ranar da kansa zai fizge ya faɗa cikin silinda kuwa, fistan da bulo da tof duk sun tafi tare. A duba gaid ɗin da bawul ke zirga-zirga a ciki shi ma, domin bugun da ya lanƙwasa bawul yakan tsaga shi.

Idan an kai tof silinda an kankare fuskarsa saboda ya taɓa yin zafi, a sani cewa kamshaf ya matso kusa da karanshaf. Sarƙar za ta ƙara saki, taimin zai ɗan ja baya, bawul kuma ya ƙara kusantar fistan. Kowane inji yana da iyakar da kamfani ya yarda a kankare. Tof ɗin da ya sha kankara sau biyu ko uku a hannun mutane daban-daban, a auna shi kafin a yarda da shi.

Yanzu ɗorawar. Duk lokacin da sarƙa ba ta kai, karanshaf da kamshaf kowa gashin kansa yake ci, don haka juya ɗaya ba tare da lura da ɗayan ba yana iya lanƙwasa bawul da hannu tsirara, tun ba a je ga makulli ba. A inji mai silinda 4, a kawar da karanshaf rubu'in zagaye daga sama, fistan duka su zauna a tsakiyar silinda, sannan a ɗaure tof a jera kamshaf a kan makinsu. Bayan nan a dawo da fistan na ɗaya can ƙololuwa a hankali. Kada a dogara da makin fuli kaɗai: fulin gaba yana da roba tsakanin cikinsa da bakinsa, idan ta tsufa bakin yakan zame ya tafi da makin. A zura dogon sukundireba ta ramin fulogi, a juya da hannu, a ga inda ya daina hawa.

Kamshaf yakan so ya kuɓuce saboda sifirin ɗin bawul na tura shi. Akwai wuri mai kusurwa shida a jikinsa da aka yi don sifana, a nan ake riƙe shi, ba a haƙoran giya ba. Na shiga da na fita kada a musanya su, murafensu kuma kowanne ya koma gurbinsa da fuskarsa yadda lamba da kibiyar da ke kansa suka nuna. Giyar kamshaf ta injinan VVT tana da ɗan fil a ciki da ke kulle ta idan babu ƙarfin mai. A tabbatar ta kulle kafin a karanta makinta. Idan tana motsi gaba da baya a hannu alhali ya kamata a ce ta kulle, makin da take nunawa ƙarya ne, kuma ita ce mai yin ƙarar nan ta safe da ake ɗora wa sarƙa laifinta.

Sarƙa tana da ɓangaren ja da ɓangaren saki. Ɓangaren da karanshaf ke ja, inda damfa mara motsi take, dole ya kasance a miƙe tsam. Duk sakin ya taru a ɓangaren ajasta. Wanda ya raba sakin gida biyu zai ga maki ya zauna daidai, amma yana sakin ajasta sarƙar za ta ja kamshaf ya goce. Shi kuma ajasta a danne ake sa shi, da ɗan fil ko ƙugiya da ke riƙe da shi, kuma sai an sake shi. Mantuwa a nan ta kashe injina masu yawa. A 1ZZ da 2AZ ta waje ake zura shi bayan an rufe murfi, sai a ɗan juya karanshaf baya kaɗan ƙugiyar ta saki, a dawo gaba a leƙa ta sama a ga ya tura damfar. Idan ba a gani da ido ba, ba a sake shi ba. A waɗannan injinan kuma akwai farantin sensa a gaban giyar karanshaf mai harafin F, harafin waje yake kallo. A juya shi baibai, inji ya ƙi tashi, a kwana ana zargin taimin da ba shi da laifi.

Maganar gaɓoɓi masu launi tana buƙatar a tsaya a kanta, domin tana ruɗa yara har da wasu manya. Sabuwar sarƙa takan zo da 'yan gaɓoɓi da aka shafa wa launi, kowacce za ta zauna a kan makin giyarta. Amfaninsu a ɗorawar farko ne kawai. Da zarar an juya inji zagaye biyu, gaɓoɓin nan ba za su dawo kan makinsu ba, sai bayan zagaye masu yawan gaske, domin yawan gaɓoɓin sarƙa bai yi daidai da yawan haƙoran giya ba. Yaro ya ga haka sai gabansa ya faɗi, ya cire aikin da ya yi daidai ya sake ɗorawa, a karo na biyu ya ɓata. Bayan juyawa, makin giya da makin jikin inji ake dubawa, ba launi ba. Kuma sarƙar da aka sayo a kasuwa, a ƙirga gaɓoɓin da ke tsakanin launukanta a gwada da ta asali kafin a yarda da ita. A Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, kamar kowace babbar kasuwar kayan gyara, akwai na ƙwarai akwai na banza, kuma kwali ba ya faɗin gaskiya kullum.

Wasu injinan ma ba su da makin da za a bi. Injinan Mazda 3 da Mazda 6 masu lita 2.0 da 2.3, da 'yan uwansu Duratec na Ford, giyar karanshaf ɗinsu ba ta da ki. Matsin babban notin fuli ne kaɗai ke riƙe da ita. Ana kwance notin nan taimin ya tafi, ko da ba a taɓa sarƙa ba, kuma ba a dawo da shi sai da fil na musamman da ke tokare karanshaf da farantin da ke kulle kamshaf ta baya. Injin 2GR mai silinda 6 na Sienna da Highlander da Lexus RX350 sarƙa 3 gare shi, babba ɗaya ƙanana biyu, kowacce da makinta. VR6 na Volkswagen da N47 na BMW sarƙarsu tana baya, ɓangaren giyabos. Wanda bai taɓa yin irin waɗannan ba, ko ba shi da kayan kullewar, ya tura aikin ga wanda ke da su. Ba kunya a ciki. Kunyar tana ranar da mai mota zai dawo da 'yan uwansa.

Masu duba bidiyo a waya, ba na hana ku, ilimi ne. Amma ku karanta lambar da aka buga a jikin bulo tukuna. Motocinmu da yawa ba injin da suka zo da shi ke cikinsu ba, don haka shekarar mota da sunanta ba su isa su gaya muku abin da ke gabanku ba.

Babban notin fuli yana da awonsa. A 1ZZ, awon ɗaurinsa 138 ne a ma'aunin Nm, kuma da sifana mai awo ake kai shi can, a riƙe fulin da abin riƙewa. Dabarar nan ta tokare sifana a jikin shasi a taɓa makulli don noti ya kwance, a bar ta: tana karya haƙori, tana fizge sifana ta sami ƙafar wanda ke kusa. Gam ɗin murfin gaba kuma siriri ake ja. Wanda ya malala ciki yakan bushe ya gutsure ya bi mai, ya tafi rariya ko ya toshe 'yar hanyar da ke ciyar da ajasta. A toshe bakin kaskon mai da tsumma mai tsabta lokacin aiki don kada noti ya faɗa, a kuma tuna a cire tsumman.

Sai juyawar hannu, wadda saboda ita aka rubuta wannan gargaɗi. A cire kan batir, makulli ya kasance a aljihun maigida, ba a jikin mota ba. A cire fulogi duka, a sa giya a firi. A ɗora sifana a notin fuli a juya ta inda injin ke juyawa, wato hannun agogo ga wanda ke fuskantar fulin. Tsofaffin Honda masu bel da silinda 4 su ne ke juyawa hagu, kada a kawo al'adarsu kan K24. A tafi a hankali. Nauyin sifirin yana zuwa ya wuce, hannu zai ji shi laushi-laushi. Amma idan sifana ta tsaya cak kamar ta daki bango, fistan ne ya sami bawul. A nan ne wani ƙaƙƙarfan yaro zai ce a miƙo masa bututu ya ƙara tsawon sifana. A riƙe hannunsa. A koma baya kaɗan, a buɗe, a sake lissafi. Idan zagaye biyu sun cika lafiya, a duba maki. A ƙara biyu a sake dubawa, sannan a kira wani wanda ba shi ya ɗora ba ya duba da nasa idon, domin wanda ya ɗora abin da yake so ya gani yake gani.

Tayarwar farko ma ba a yin ta da gaggawa. Sabon ajasta babu mai a cikinsa. A cire fis ɗin famfon fetur, a juya injin da sitata a taƙaice har fitilar mai ta mutu, sannan a mayar da fulogi da fis a tayar. Kada a ba shi wuta. A saurari gaban injin. Ƙarar sarƙa da ta wuce 'yan sakanni, a kashe. A sa na'urar bincike: P0016 ko P0017, ko P0341 a Honda, kwamfuta ce ke cewa sama da ƙasa ba su jitu ba. Goge lambar a miƙa makulli ha'inci ne, cire ƙwan fitilar cek ko liƙe ta da baƙin salatif ya fi shi muni.

Masu gyaran babura, ku ma da ku ake. A jikin magneto akwai T akwai F. T ne na saita kamshaf, F na wuta ne. Ku ma ku danna kik da hannu a hankali, fulogi a cire, kafin ku tayar.

Masu motoci da direbobi, rabin wannan ɓarnar daga matsinku take fitowa. Ana jibi Sallah ko gobe ɗaurin aure, an tsaya a kan bakanike sai ya ba da mota yau. Ku ba shi kwanan da ya nema, ku kuma tambaye shi kai tsaye: me ya sa ta tsallake, ina tsofaffin kayan, an juya da hannu? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Sarƙa kuma takan yi kashedi kafin ta yi aika-aika: ƙara kamar ana jan ƙarfe a kan kwano idan aka tayar da safe, wahalar tashi, rawar silo, fitilar cek. Mafi yawan abin da ke cinye ta tsohon baƙin mai ne da aka bari ya yi kauri, ko na jabu, ko wanda ya ragu ba a ƙara ba. Ku yi juye a kan lokaci, da irin man da littafin motar ya ce. Motar da sarƙarta ta fara ƙara, idan mai kuloci ce, kada a bar ta a gangare giya kaɗai ke riƙe da ita, domin in ta ɗan gangara ta juya injin baya, sarƙar na iya tsallakewa tana tsaye. A ja birkin hannu.

Kuma kada a ɗauka maganar kuɗi ce kawai. Sarƙar da aka mayar ba a gyara dalilinta ba tana iya sake tsallakewa lokacin da direba ya fito zai wuce tirela a hanyar Kano zuwa Zariya ko ta Kaduna zuwa Abuja, da fasinja cike da bas. Inji na mutuwa sitiyari zai yi nauyi, birki kuma taku ɗaya ko biyu ne suka rage masa da taushi, daga nan sai ya zama kamar dutse. Idan haka ta faru, kada a zare makulli, don sitiyari na iya kullewa. A kunna fitilun haɗari, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a danne birki da ƙarfi sau ɗaya ba tare da famfo ba, a gangara gefen hanya. Idan aka taɓa makulli aka ji sitata na gudu fayau babu nauyi, ba irin sautin da aka saba ba, kada a sake taɓawa, kada kuma a yarda 'yan taimako su tura. Mai kuloci a ja ta a firi zuwa gareji. Mai otomatik a ɗora ta a kan motar ɗauka, domin jan ta da nisa tayoyinta a ƙasa injin a kashe yana ƙona giyabos.